Fiƙihun Gatari: Me Za Mu Koya wa Yaran Arewacin Zamfara Game da Daji?

Idan aka ce "daji" a gaban yaron da aka haifa a Zurmi ko Shinkafi ko Ƙauran Namoda cikin shekarun nan, ba kanya ko ɗinya ko magarya ke faɗo masa a rai ba. A saninsa daji shi ne inda babura ke ɓullowa, inda ake kai wanda aka sace, inda ake aika kuɗin fansa. Dumburum da Sububu, waɗanda kakanninsa suka sani da kiwo da farauta da ɗiban zuma, shi a labarin mutuwa ya fara jin sunayensu. To wannan yaron ne ake so a zaunar a aji a ce masa ya ƙaunaci daji, ya tsare shi, kada ya yarda a sare shi. Dole mai hankali ya tsaya ya tambaya ko wannan karatu ya dace, kuma ko adalci ne a ɗora shi a kan wanda bai sare dajin ba, bai raba shi ba, bai ci ribarsa ba, wahalarsa kawai ya sha. Ni a ganina ya dace, har ma wajibi ne a kan manya su koyar da shi. Sai dai yadda aka saba koyar da shi ya saɓa wa hankali, ya kuma saɓa wa abin da addini ya zo da shi, shi ya sa ba ya kama zuciyar kowa.

Yadda aka saba shi ne a bai wa yaro take ya haddace: sare itace laifi ne, dasa itace lada ne, hamada tana tahowa. Yaron ya tashi daga makaranta ya tarar da uwarsa tana hura wuta da ƙiraren da shi da kansa ya ɗebo jiya. Ya ga tulin itacen da ubansa ya tara lokacin da aka haifi ƙanwarsa, don ruwan wankan jego na kwana arba'in. Turmin da ake daka hatsinsu, ƙotar fartanyar gidansu, azarar ɗakin da yake kwana, har itatuwan da ake jerawa a bakin kabari kafin a mayar da ƙasa, duk gatari ne ya samar da su. Idan aka ce masa sara laifi ne, ɗayan biyu zai yi: ko ya ɗauki uwarsa mai laifi, ko ya ɗauki malaminsa mai faɗin abin da ba haka yake ba. Yara na biyun suke zaɓa, kuma ba su yi kuskure ba. Abin da ya fi damuna a nan shi ne daga ranar yaron ya koyi cewa akwai maganar da ake yi a aji don a ci jarrabawa, akwai kuma yadda duniya take tafiya, babu ruwan wannan da wancan. Wanda ya koyi haka a kan itace zai ɗauke shi ya kai kan gaskiya da amana da dukiyar jama'a.

Musulunci kuwa bai taɓa mayar da mai gatari mai zunubi ba. A ƙarshen Suratu Yasin da cikin Suratul Waƙi'a, wutar da ɗan Adam ke samu daga itace tana cikin ni'imomin da Allah ya lissafa wa bayinsa da hujjojin ikonsa. Hadisi ingantacce a cikin Buhari ya fifita wanda ya ɗauki igiya ya yo itace ya sayar a kan wanda ke bin mutane da roƙo. Abin da shari'a ta yi wa sara shi ne abin da take yi wa kowane halal: ta kewaye shi da tambayoyi. Wane itace ne, a ina yake, wa ke amfana da shi kafin zuwanka, me za ka yi da shi, kuma me zai saura bayan ka tafi? Akwai hadisin da Abu Dawuda ya rawaito mai tsananin gargaɗi ga wanda ya sare magarya, kuma shi Abu Dawuda ya fayyace cewa ana nufin magaryar da ke fili, wadda matafiyi da dabbobi ke shan inuwarta, mutum ya zo ya kayar da ita da wasa da zalunci ba tare da wani haƙƙi ba. Malamai sun yi magana a kan ingancin hadisin, amma bayanin ya nuna inda laifin yake, wato tauye haƙƙin waɗanda ba sa wurin lokacin da ake saran. Sayyidina Abubakar, kamar yadda ya zo a Muwaɗɗa ta Imamu Malik, ya hana rundunar da ya tura Sham sare itace mai 'ya'ya, a ƙasar abokan gaba, a tsakiyar yaƙi. A haramin Makka, inda aka haramta sare itace da yankan ciyawa, Abbas ya roƙi a togace wata ciyawa da maƙera da magina ɗakuna ba su iya yi sai da ita, Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya amince. Wato ko a wuri mafi alfarma an saurari bukatar mai sana'a. Wani hadisin kuma ya sanya ruwa da makiyaya da wuta cikin abubuwan da jama'a ke tarayya a kansu. Duk wanda ya haɗa waɗannan zai ga cewa babi ne na fiƙihu, mai halal da haram da makaruhi da lalura, irin wanda yaranmu suka saba koyo a babin tsarki, inda ake rarrabe musu ruwan da ya halatta a yi alwala da shi da wanda bai halatta ba.

Iyayenmu ma da wannan ma'auni suka rayu, ko da ba su karanta shi a littafi ba. Manomi yana sassabe yana tsallake gawo, don ya san yana zubar da ganye da damina, ba ya tare wa gero rana, ga taki a gindinsa, ga 'ya'yansa abincin awaki da rani. Ɗorawa da kaɗanya da tsamiya da kuka suna da masu su, ana gadonsu, har a sayar da gona a togace itacen da ke cikinta. Makiyayi yana hawa madobiya ko maɗaci ya sassaro rassa don shanunsa, ya bar uwar ta sake toho. Maƙeri ya san ƙirya ce ke ba shi gawayin da ke narka ƙarfe, majemi ya san bagaruwa. Wannan ilimi ne na gaske, kuma yana mutuwa da tsofaffi, domin 'ya'yan da ya kamata su karɓe shi a gona da makiyaya yau suna gudun hijira a Ƙaura da Gusau.

Akwai wani labari a cikin Muwaɗɗa da Buhari wanda nake ganin ya kamata kowane yaro a arewacin Zamfara ya san shi kamar yadda ya san sunan garinsu. Sayyidina Umar ya keɓe hurumin kiwo don dabbobin baitulmali, ya naɗa wani 'yantaccen bawansa mai suna Hunayyu ya tsare shi. Umarnin da ya ba shi shi ne ya tausasa wa mutane, ya ji tsoron addu'ar wanda aka zalunta, ya bar mai 'yan raƙuma kaɗan da mai 'yan tumaki kaɗan su shiga, amma ya tare garken Abdurrahman ɗan Aufu da na Usman ɗan Affan. Dalilinsa shi ne waɗannan biyun in dabbobinsu sun mutu suna da gonaki da dabino da za su koma wa, shi kuwa talaka in nasa sun mutu, da 'ya'yansa zai zo ƙofar shugaba yana kuka. A duba girman waɗanda aka ce a tare, sahabbai biyu cikin goman da aka yi wa bushara da Aljanna. A nan aka kafa ƙa'idar cewa ana tsare daji ne daga mai ƙarfi domin mai rauni ya samu. Ƙasarmu ba baƙuwar wannan fiƙihu ba ce, tunda Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi littafi sukutum a kan hukuncin mallakar ƙasar da ba ta da mai ita.

Yanzu a auna tarihin dajinmu da wannan ma'auni. A 1919 Turawan mulkin mallaka suka shata gandun dajin Zamfara a gabashin Zurmi, wajen iyakar Katsina, fili mai faɗin murabba'in kilomita kusan 2,300, aka bar ƙauyuka huɗu a cikinsa da gonakinsu: Dumburum da Shamushalle da Tsabre da Aja. Daga baya aka mayar da shi makiyaya. Ba a kafa gandun da shawarar talaka ba, kuma a ƙasar Hausa da yawa an fi tuna malamin daji da tara fiye da taimako, wannan gaskiya ne. Duk da haka shekara da shekaru manoman ƙauyukan nan da Fulanin da ke kewaye da su suna zaune da musayar taki da hatsi da nono. Bayan dawowar mulkin farar hula a 1999, masu binciken rikicin Zamfara sun sha ambaton yadda aka yanka manyan filaye a makiyayar Gidan Jaja ta ƙasar Zurmi da dajin Kuyambana na ƙasar Maru aka mayar da su gonaki, rugage suka tashi, burtaloli suka toshe. Mai ƙaramin garke aka tare, aka buɗe wa mai hali, kishiyar abin da Umar ya umarci Hunayyu. Ba na cewa wannan kaɗai ya haifi ta'addancin da muke ciki. Akwai satar shanu, da kisan gilla na ramuwa, da makaman da suka kwararo ta Sahel, da zinare, da rashin adalci a kotu da ofishin 'yan sanda. Amma ruwa ba ya tsami banza, kuma yaron da ba a gaya masa wannan ɓangaren ba an ɓoye masa rabin dalilin maraicinsa.

Wani zai ce, kuma da zafin zuciya zai faɗa, ai da za a aske Dumburum da Sububu ƙaf da an huta, tunda duhuwarsu ce mafakar masu kashe mu. Ba na raina wannan magana, domin daga bakin waɗanda suka binne 'yan'uwansu take fitowa. Amma dajin nan ya fi haka duhu a zamanin kakanninmu, kuma ko da yake ba a taɓa rasa ɓarawo a cikinsa ba, mata suna shiga ɗiban kaɗanya, fatake suna ratsa shi zuwa Jibiya. Abin da ya ragu shi ne itace, abin da ya ƙaru shi ne bindiga, don haka ba yawan itace ne ya kawo bindiga ba. Hukuma ce ta janye ƙafarta daga dajin, wani ya zo ya zauna a gurbinta. A 2021 gwamnatocin Katsina da Kaduna, cikin matakan tsaro, sun hana motocin ɗaukar itace daga dazuzzukan da abin ya shafa, saboda sun fahimci cewa wannan fatauci yana zama hanyar hulɗa da 'yan bindiga. Ai kowa ya san mai motar da ke shiga dajin da soja ke shakkar shiga, ya yi lodi ya fito lafiya, ba da ƙarfinsa ya shiga ba. In kuwa aka share abin da ya rage, makiyayin da bai taɓa riƙe bindiga ba ya rasa inda zai kai dabbobinsa sai bakin gonar wani, a sake komawa inda rigimar ta faro.

Hujja ta biyu ta masu sukar wannan karatu ta fi nauyi ta fuskar addini. An ɗauke alƙalami daga yaro har sai ya balaga, to don me za a ɗora masa nauyin ɓarnar da manya suka yi? Akwai gaskiya a ciki, kuma akwai irin koyarwar da ta cancanci wannan suka, wadda manya ke wanke hannunsu da ita su ce gyara yana wurin 'yan baya. Amma shari'ar da ta ɗauke wa yaro alƙalami ita ce ta umarci iyaye su sa shi salla tun yana ɗan shekara bakwai, domin abin da za a tambaye shi a kansa gobe yau ake saba masa da shi. Bayan haka, a wannan mas'ala yaro ba wanda ake bi bashi ba ne, shi ne mai bin bashin. Ɗorawar da aka kayar bana aka yi gawayi da ita, wanda ya kayar ya ci kuɗinsa cikin mako guda, shi kuwa yaron da zai ci kalwarta shekara ashirin masu zuwa ba a nemi izininsa ba. Kwamitin da gwamnatin Zamfara ta kafa a 2019 ƙarƙashin tsohon Sufeto Janar na 'yan sanda Muhammad Dahiru Abubakar ya ƙidaya yara fiye da 25,000 da rikicin ya mayar marayu tsakanin 2011 da 2019. Alƙur'ani ya tsananta a kan dukiyar maraya, ya ce a tsare masa ita, a jarraba hankalinsa, sannan a miƙa masa. Daji da makiyaya da mashaya dukiyar waɗannan yara ce da ke hannun manya. Koya musu hukuncinta daidai yake da nuna wa magaji iyakar gonar ubansa, don ya san abin da aka bar masa, ya kuma gane ranar da wani ya matsar da iyakar.

Sai hujjar talauci, wadda ba ta bukatar dogon bayani ga wanda ya san farashin gas da kananzir tun da aka cire tallafin man fetur a 2023. Gidajen da suka bar murhu sun koma masa, buhun gawayi ya zama haja mai tsada. A ce wa mai yunwa ya bar itace don jikokinsa magana ce da ba za ta shiga ba. Amsar wannan tana ƙetaren iyaka, a ƙasar Maraɗi, wurin Hausawa 'yan'uwanmu da ruwan samansu bai kai namu ba. A farkon shekarun 1980 gonakinsu sun zama fili fetal, iska tana binne shuka da rairayi, dashen itatuwan da aka kashe wa kuɗi yana mutuwa. A 1983 wani ma'aikacin noma ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa tsiron da manoma ke sarewa kowace shekara lokacin sharar gona ba ciyawa ba ne, toho ne daga kututturen itatuwan da saiwarsu ke raye a ƙasa. Idan aka zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi a kowane kututture aka bar su, aka sassabe sauran, cikin shekaru kaɗan sai su zama itace. Farin 1984 ya sa mutane da yawa suka gwada, suka kira shi sassaben zamani. Abin ya bazu daga manomi zuwa manomi, musamman da hukuma ta sassauta riƙon da ta yi wa itacen gona, manomi ya tabbata abin da ya raina nasa ne. Binciken da aka yi da hotunan sama ya kiyasta cewa an farfaɗo da fili mai faɗin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, da itatuwa kusan miliyan 200. Abin lura shi ne da adda da gatari aka yi wannan aiki. Rassan da aka rage su ne itacen girkin gidan, ganyen abincin dabbobi, rarar kuma a kai kasuwa. Talaka bai jira jikoki ba, a shekara ta biyu ko ta uku ya fara cin moriya.

Masu cewa fari da hamada ƙaddara ce, ba a ja da su a kan cewa komai da ikon Allah yake. Amma Suratur Rum ta danganta ɓarnar da ke bayyana a tudu da teku ga abin da hannayen mutane suka aikata, kuma Umar da kansa ya juya da jama'arsa daga ƙasar da annoba ta sauka, bai ga hakan ya saɓa wa imani da ƙaddara ba. A ɗaya gefen kuma, kada a yi wa yaro ƙari a ce masa gatarin ubansa ne ya hana ruwan sama. Farin 1973 da na 1984 sun game Sahel baki ɗaya, kuma sababinsu ya wuce gonar mutum ɗaya. A tsaya a kan abin da idonsa zai gaskata: gonar da ba itace iska tana kwashe mata ƙasa, gaɓar gulbin Gagare ko Bunsuru da aka sare wa itatuwa tana zaizayewa, tafiyar neman ƙirare tana ƙara nisa, kuma a yau nisan nan yana iya zama sanadin sace yarinya.

Wa zai koyar? Makarantun boko a nan sun sha rufewa. A Satumban 2021, bayan sace ɗalibai a Kaya ta ƙasar Maradun, an rufe na jihar gaba ɗaya. Makarantar allo da Islamiyya su ne ba sa mutuwa, ko a sansanin gudun hijira ana samun malam da almajiransa, kuma su suka fi cancanta da wannan babi. Allon da ke hannun almajiri daga aduwa aka fi sassaƙo shi, tawadarsa da ƙaro ake haɗa ta, wutar karatun dare da ƙiraren da ya ɗebo ake hura ta. Malamin da ke karantar da Arba'una Hadisi yana isa kan hadisin hana cuta da cutarwa, ba abin da zai hana shi kawo misalin mai kayar da gawon da ke kan iyakar gona biyu, ko mai toshe burtali. Aikin hannu kuma ba sai an shiga Dumburum ba. Gonakin bakin gari, waɗanda su kaɗai ake iya nomawa a wurare da yawa yanzu, cike suke da kututturen kalgo da sabara, kuma lokacin sharar gona kafin faɗuwar ruwa ya isa a nuna wa yaro reshen da ake bari da wanda ake cirewa. Lallai ne kuma karatun ya kai ga ɗan makiyayi kamar yadda ya kai ga ɗan manomi, domin hukuncin tarayya da ɓangare ɗaya kaɗai ya sani ba ya raba gardama.

Wahalar da ke cikin wannan hanya ita ce yaron da aka karanta wa labarin Hunayyu zai yi tambaya. Zai ga motar gawayi ta wuce shingen jami'ai a kan hanyar Ƙaura zuwa Gusau, ya tambayi wa ya ba ta izini. Zai tambayi wa ke noma filin da a da makiyaya ce, da sa hannun wa aka ba shi. Malamin ƙauye ba shi da ƙarfin amsa waɗannan shi kaɗai, kuma in ya yi shiru karatun ya koma take irin na farko. Saboda haka sarakunan Zurmi da Shinkafi da Ƙauran Namoda, da limaman Juma'a, da ma'aikatar da ke kula da gandun daji a Gusau, su ne za su fara bayyana wa jama'a iyakokin gandu da burtali da mashaya kamar yadda suke a rubuce, da sunan duk wanda aka bai wa izinin sara ko noma a cikinsu, domin malam ya sami abin da zai nuna wa ɗalibinsa in ya tambaya.